Yadda ake sa ƙarfe mai yawan alminiyam ya karɓi siffa ba tare da ya tsage ba

Duk wanda ya zuba alminiyam mai yawa a cikin ƙarfe, rage nauyi yake nema. Santimita kubik ɗaya na ƙarfen da aka saba da shi yana da nauyin giram 7.85, kuma kowane kashi 1 cikin 100 na alminiyam da aka ƙara yana zabge kusan kashi 1.3 cikin 100 na wannan nauyi, saboda zarrar alminiyam ba ta kai ta baƙin ƙarfe nauyi ba, sannan tana ɗan buɗa jeren da zarra suke zaune a ciki. Idan aka kai kashi 10, nauyin yakan sauko zuwa wajen giram 6.8. Ga masu ƙera motoci wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai ribar takan tsaya a kan takarda idan fallen ƙarfen ya ƙi zama ƙofa ko ginshiƙin mota: ko dai gefen naɗin ya tsattsage tun a injin mulmula, kamar dunduniyar da faso ya ci a lokacin hunturu, ko kuma ya kai injin matsi lafiya, madanni na sauka ya dare.

Wannan ƙarfe ba sabo ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka gwada haɗa baƙin ƙarfe da manganis da alminiyam da kabon a Amurka, ana neman madadin ƙarfe marar tsatsa, madadin da ba ya buƙatar nikel da kuromiyam. Maganar ta sake tasowa da ƙarfi bayan da Georg Frommeyer da Udo Brüx na cibiyar Max Planck da ke Düsseldorf a Jamus suka fitar da sakamakon aikinsu a 2006. Abin da aka koya tun daga lokacin shi ne cewa karɓar siffa ba a injin matsi ake samar da ita ba. Tun ran gini tun ran zane: ana yanke hukuncinta ne a tukunyar narkarwa da kuma cikin mintocin da ƙarfen yake hucewa bayan mulmula.

Fara da sanin irin ƙarfen da ke hannunka

Kalmar “ƙarfe mai yawan alminiyam” ta ƙunshi iyalai uku, kuma maganin ɗaya yakan zama cuta ga ɗaya. Akwai na ferait, mai alminiyam kashi 5 zuwa 9 da kabon kaɗan ainun. Akwai na ostenait, wanda manganis ɗinsa ke tsakanin kashi 15 da 30, alminiyam har zuwa kashi 12, kabon kuma wajen kashi 1. Sannan akwai mai ruwa biyu, wanda ferait da ostenait suke zaune tare a cikinsa. Ferait da ostenait sunaye ne na yadda zarra suke jeruwa. Alminiyam yana jan ƙarfe zuwa ferait, manganis da kabon suna jansa zuwa ostenait, saboda haka kafin ka taɓa komai, ka yanki ɗan guntu, ka goge shi, ka duba shi a madubin ƙara girma, ka ga wanne ne ya yi rinjaye da kuma yadda suka rarrabu.

Abubuwa biyu ne suke kawo gautsi a dukkan iyalan. Na farko shi ne kabaid ɗin kappa, wato haɗin zarra uku na baƙin ƙarfe ko manganis da ɗaya ta alminiyam da ɗaya ta kabon. Na biyu shi ne jeruwar tsari a cikin ferait: idan alminiyam ya yi yawa, zarrarsa ba ta zama barkatai, sai ta zaɓi wurare na musamman, a sami tsarin da ake kira B2 ko D03. Ƙarfe yana miƙuwa ne ta hanyar zamewar shimfiɗun zarra a kan juna, kuma wannan jeruwa tana sa zamewar ta yi wuya, har ya zama karyewa ta fi masa sauƙi. Duk matakan da ke tafe hanya ce ta sarrafa waɗannan biyun: nawa za su fito, wane girma za su kai, kuma a ina za su zauna.

Haɗin sinadarai da zuba

Shawarata ta farko ita ce kada a bi alminiyam har ƙarshen iyaka. A ƙarfen ferait, da zarar an haura kashi 8, jeruwar tsari takan fara nuna kanta, kuma zafin da ƙarfen ke komawa mai gautsi a ƙasa da shi yakan yi sama har ya kusanci zafin ɗaki. Gara kashi 6 ko 7 da za a iya matsawa, da kashi 10 da zai ƙare a kwandon juji. A wannan iyali kuma kabon abokin gaba ne, don ferait ba ya riƙe shi, sai ya tura shi iyakokin ƙwayoyi, wato ƙananan lu’ulu’un da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen, ya zama kappa. A rage shi iyakar iyawa, sannan a ɗaure ragowar da titaniyam ko niyobiyam, kamar yadda ake yi wa ƙarfen jikin mota mai zurfin matsi. A iyalin ostenait kuwa kabon ne ke riƙe ostenait ɗin, don haka ba a iya korarsa. Abin da ake yi shi ne a rage wa kappa hanzari: kuromiyam da molibdinam suna jinkirta fitowarsa, silikon kuwa yana gaggauta ta, saboda haka a sa ido kan silikon da ke shigowa ta tsoffin ƙarafa ko ta sinadaran haɗi.

Naitirojin ma a rage shi, domin yana haɗuwa da alminiyam ya ba da ƙwayoyi masu tauri da kaifin gefe waɗanda tsaga ke farawa daga jikinsu.

A wurin zuba akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba sai ya kama mutum. Hodar da ake barbaɗawa a kan narkakken ƙarfe a cikin mazubi, wadda ke narkewa ta zama man shafawa tsakanin ƙarfen da bangon mazubin, yawanci tana da silika mai yawa. Alminiyam ɗin da ke cikin ƙarfen yana ƙwace iskar oksijin daga silikar, sai hodar ta cika da alumina, kaurinta ya canza ana tsakiyar aiki, fatar dunƙulen ta fito da tsaga da tabo. Tabon da aka samu a nan ba ya ɓacewa, mulmula tana miƙar da shi ne kawai. Mafita ita ce hodar da aka gina a kan farar ƙasa da alumina, mai ƙarancin silika, tare da kare narkakken ƙarfen daga iska da iskar agon don kada bututun zuba ya toshe. Wannan wahala ce ta sa kamfanin Salzgitter ya kafa injin zuba a kan bel a garin Peine a 2012, inda ƙarfen ke daskarewa a kwance da kaurin milimita 15 kacal, maimakon dunƙulen da ya haura milimita 200. Siririn zubi yana daskarewa da sauri, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma, manganis da alminiyam kuma ba sa samun sararin warewa gefe guda.

Mintocin da suka fi kowane muhimmanci

Idan aka ce in zaɓi mataki ɗaya da ya fi lalata irin wannan ƙarfe, zan ce hucewa bayan mulmular zafi. Kappa yana da fuska biyu, kuma zafi ne yake tantance wadda za a gani. Tsakanin digiri 650 da 800 na ma’aunin Salshiyos, yakan fito da kauri a kan iyakokin ƙwayoyi, ya kewaye kowace ƙwaya kamar katangar gilashi. Ƙarfen da ya shiga wannan hali, ko a hannu aka lanƙwasa siririn fallensa, karyewa yake yi, kuma idan aka duba bakin karayar za a gan shi yana ƙyalli, ƙwaya-ƙwaya, kamar an fasa dunƙulen sukari. Tsakanin digiri 450 da 650 kuwa, kappa yakan fito a cikin ƙwayoyin ostenait da ƙanƙantar da ake aunawa da nanomita, wato ɗaya bisa miliyan na milimita, ya ƙara ƙarfi ba tare da ya kashe miƙuwa gaba ɗaya ba.

To, naɗin ƙarfe mai nauyin tan 20 da aka naɗe da zafi yana ɗaukar awanni da yawa kafin ya huce, kuma cikinsa ya fi bayansa jinkiri. Idan aka naɗe shi a digiri 700, kamar yadda ake yi wa wasu ƙarafa, an ajiye shi ke nan a daidai inda kappa mai kauri ya fi son girma. Don haka a gama mulmular zafi ƙarfen yana sama da digiri 900, a buɗe masa ruwa sosai a kan teburin sanyaya don ya ratsa yankin haɗarin cikin daƙiƙoƙi, sannan a naɗe shi a ƙasa da digiri 500. Idan kuma an riga an yi kuskure, akwai gyara ga na ostenait: a mayar da shi tanderu a digiri 1000 zuwa 1100 har kabaid ɗin ya narke ya koma cikin ƙarfen, sannan a tsoma shi cikin ruwa nan take. A ɗakin gwaji an sha ganin samfuri ya lalace a tsakanin ƙofar tanderu da bokitin ruwa, don falle mai kaurin milimita 1 ko 2 yana zubar da zafi da sauri ƙwarai a iska. A ajiye bokitin a gindin tanderu, awartaki kuma ya kasance a hannu kafin a buɗe ƙofa. Kada kuma a bar shi ya daɗe a wannan zafi fiye da buƙata, domin ƙwayoyi za su yi girma, fatar fallen ta fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo idan an matsa shi.

Ƙarfe mai ruwa biyu ya fi kowanne saurin tsagewa a mulmular sanyi. Dalili shi ne ferait da ostenait sukan miƙe cikin dogayen layuka a lokacin mulmular zafi, sannan idan ana hucewa layukan ostenait su rikiɗe su zama ferait da kappa a jere, falle bisa falle. Layi mai taushi yana kusa da layi mai tauri, nauyin injin ya sauka a kansu, tsaga ta bi mahaɗarsu ta shige. Kafin mulmular sanyi, a gasa naɗin a digiri 800 zuwa 900 don kappa ya narke ostenait ya dawo, a sanyaya da sauri, a datse gefuna biyu inda ƙananan tsagogi suke ɓoye, sannan a rage kauri kaɗan-kaɗan a zagayen farko. Gashin ƙarshe ma a wannan tsakanin ake yin sa, ta yadda ostenait ɗin da ya rage zai riƙe kabon da manganis daidai gwargwado, ya riƙa rikiɗewa zuwa matensait, wani tsari mai tauri, a hankali yayin da ake matsa shi. Wannan rikiɗa a hankali ita ce ke raba miƙuwar a ko’ina, ta hana wuri ɗaya sirancewa.

Kunyoyin ferait

Ƙarfen ferait mai yawan alminiyam yana da wata lalura tasa. Ƙarfe na yau da kullum yana sauya tsarinsa daga ferait zuwa ostenait ya sake dawowa yayin da yake hucewa, kuma kowace sauyawa tana farfasa ƙwayoyinsa su zama ƙanana. Wannan kuwa ferait ne tun daga daskarewa har zuwa zafin ɗaki, ba ya sauyawa ko sau ɗaya. Dogayen ƙwayoyin da suka tsiro a mazubi, masu kaurin milimitoci, suna nan yadda suke, mulmula tana baje su ne kawai su zama faffaɗan ɗauri masu fuskantar gefe guda. Idan ka ja samfurin irin wannan falle ya miƙe da kashi 15 cikin 100, ka karkata shi a gaban fitila, za ka ga layuka sun taso suna bin tsawon mulmula, tudu da kwari, tamkar kunyoyin gona bayan huɗa. Ko da yatsa ana jin su. Fenti ba ya ɓoye su, ƙara fito da su ma yake yi, don haka babu mai ƙera mota da zai karɓi irin wannan falle a jikin waje.

Tare da kunyoyin akwai raunin zurfin matsi. Ana auna shi da lambar r, wato yadda falle ke tsukewa ta faɗi idan aka kwatanta da yadda yake sirancewa ta kauri. Ƙarfen jikin mota mai kyau yakan kusanci 2, wannan kuwa sau da yawa yana tsayawa wajen 1, ma’ana gindin kofin da ake matsawa zai sirance ya huje kafin bakinsa ya shigo cikin mazubi.

Maganin duka biyun ɗaya ne: a tilasta wa ƙarfen sake haifar ƙwayoyinsa fiye da sau ɗaya, tunda ba zai yi da kansa ba. A juya narkakken ƙarfen da maganaɗisu a lokacin zuba don ƙwayoyin tsakiya su fito dunƙulallu. A yi zagayen ƙarshe na mulmular zafi da matsi mai nauyi kuma a zafin da ya ɗan sauko, don ƙwayoyin su tara gajiya. A gasa naɗin kafin mulmular sanyi, matakin da ake iya tsallakewa a ƙarfe na yau da kullum amma ba a nan ba. Sannan a raba mulmular sanyi gida biyu da gashi a tsakani, jimillar ragin kauri ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, a ƙarasa da gashi a digiri 800 zuwa 900. Kowane zagaye yana ƙara kuɗi, gaskiya ne, amma shi ne ke wargaza ɗaurin nan ya juya ƙwayoyin zuwa fuskar da zurfin matsi ke so. Idan fallen yana tsagewa tun a zagayen farko, a ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300 kafin a shigar da shi injin, dabarar da aka daɗe ana yi wa ƙarfen lantarki mai yawan silikon.

Ostenait, da darasin Pohang

Na ostenait ya fi sauran miƙuwa nesa ba kusa ba, yakan wuce kashi 50 cikin 100 idan an narkar da kabaid ɗinsa an tsoma shi a ruwa. A wannan hali ya kamata a matsa shi. Idan ana son ƙarin ƙarfi, a gasa kayan da aka riga aka siffanta a digiri 550 zuwa 600 don ƙananan kappa su fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya fara gasawa kafin matsi zai tarar zamewar zarra tana yanka ƙananan kappa ɗin, ta taru a ’yan layuka kaɗan, fallen ya daina ƙara tauri yayin da yake miƙuwa, ya sirance a wuri ɗaya. Gashin da ya wuce kima kuma yana fito da kappa a iyakokin ƙwayoyi, kuma a ƙarfe mai manganis da yawa yana fito da wani tsari mai gautsi da ake kira beta-manganis.

A 2015 Sang-Heon Kim da Hansoo Kim da Nack J. Kim na jami’ar POSTECH da ke Pohang a Koriya ta Kudu suka nuna wata hanya a mujallar Nature. Ƙarfensu yana da manganis kashi 16, alminiyam kashi 10, kabon kashi 0.86 da nikel kusan kashi 5, nauyinsa giram 6.82 a kowane santimita kubik. Maimakon su guje wa B2, sai suka yi amfani da nikel suka kira shi da gangan, suka mulmula fallen da sanyi, suka gasa shi a digiri 900 na minti 15, B2 ya fito ƙanana a warwatse cikin ostenait. Da yake zamewar zarra ba ta iya yanka su sai dai ta kewaye, ƙarfen ya riƙa ƙara tauri yana miƙuwa. Abin ɗauka a nan ga mai aiki shi ne cewa abu mai gautsi yana cutarwa ne idan ya zama dogon layi ko katanga. A ganina duk mai son bin wannan hanya ya fi mayar da hankali kan dogayen layukan B2 da ke saura daga mulmular zafi, don nan ne gefen falle zai fara buɗewa.

Wuri ɗaya da alminiyam ke taimako kai tsaye shi ne tsagewar jinkiri, inda kofin da aka matsa lafiya yake darewa da kansa bayan kwanaki saboda haidirojin da ya shige shi. A ƙarfe mai yawan manganis, ƙarin alminiyam kashi 1.5 ma yana rage wannan sosai. Duk da haka a ajiye wasu kofunan gwaji na ’yan makonni ana dubawa.

Gwaji da injin matsi

Kada a yarda da gwajin ja shi kaɗai. Falle yana iya miƙuwa da kashi 40 cikin 100 a injin ja, amma ya tsage a gefen da aka yanka da zarar an buɗa shi kaɗan, kuma wannan ya fi faruwa ga mai ruwa biyu. Gwajin buɗa rami na ISO 16630 shi ne ke tona wannan asiri: a huda rami mai faɗin milimita 10, a tura madanni mai tsini na kusurwar digiri 60 ta cikinsa, ido yana kan bakin ramin, a tsaya daidai lokacin da tsaga ta ratsa kaurin fallen, a auna yadda ramin ya faɗaɗa. A haɗa da gwajin lanƙwasa na VDA 238-100 a tsaye da kuma a gicciye da layin mulmula, da gwajin Nakajima don zana iyakar siffantuwa. Idan bambancin tsaye da gicciye ya yi yawa, layukan nan ne ba su wargaje ba, kuma gyaransu yana can baya a tanderu.

A wurin matsi, a fara da gefe. Wuƙar yanka ta kasance da kaifi, tazarar da ke tsakanin wuƙaƙen ta tsaya wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na kaurin fallen, kuma inda gefen zai miƙe sosai a yanka shi da leza ko a goge shi. A faɗaɗa kusurwoyin mazubi, a yi amfani da man shafawa mai jure matsi, domin fatar alumina da ke kan fallen tana da tauri kuma tana cin mazubi. Wannan fatar ce kuma ke hana tutiya kama jikin fallen a wurin rufi, sai rufin ya ɓare a lanƙwasa, shi ya sa ake ƙara raɓa a iskar tanderun gashi don alminiyam ya ƙone a ƙarƙashin fata, ko a fara shafa siririn rufin nikel ko na baƙin ƙarfe.

Sai zabura, wato yadda fallen ke ɗan komawa baya idan madanni ya ɗaga. Kowane kashi 1 na alminiyam yana rage ma’aunin Young, wato ma’aunin yadda ƙarfe ke ƙin miƙewa idan an ɗan ja shi, da kusan kashi 2 cikin 100, don haka ƙarfe mai kashi 10 yana iya saukowa daga gigafaskal 210 zuwa wajen 170. Ƙarfi ya ƙaru, wannan ma’auni ya ragu, zabura kuwa tana bin rabon da ke tsakaninsu ne, saboda haka mazubin da aka sassaƙa don ƙarfe na yau da kullum ba zai ba da kusurwa daidai ba. A auna ma’aunin a kan fallen da za a yi aiki da shi, har da bayan an ɗan miƙar da shi, a saka wannan lamba a lissafin kwamfuta maimakon 210 da manhaja ke zuwa da ita. Sannan a sassaƙa mazubin ya wuce kusurwar da ake so da ’yan digiri, a ƙara riƙon gefe a ƙarshen saukar madanni don bangon kayan ya ɗan miƙe, kuma ga dogayen ginshiƙai a tanadi bugu na biyu na daidaita siffa.